Abin da Ya Rage a Muryar Auta

Mai Lasifika ake ce masa, don tun yana saurayi sana'arsa ke nan: gyaran rediyo, makirfo, da duk abin da ke fitar da sauti. Shagonsa ɗan tsukuku ne mai warin dalma, wayoyi sun yi kaca-kaca a kan tebur, ga benci a bakin ƙofa.

Da can bencin nan ba ya rabuwa da jama'a. Duk ranar da aka ji 'yan ta'adda sun kashe mutane da sunan Allah, sai musu ya kaure. Tela ya ce addini ne aka karanta a baibai. Direba ya ce ina, tarbiyya ce, an raini yara kowa na son nuna shi namiji ne. Mai Lasifika dai kansa na sunkuye kan aiki.

Sai wani bidiyon 'yan ta'addan ya ɓulla. Mai maganar ya naɗe fuska, amma duk unguwar ta gane muryar Auta, ƙanen Mai Lasifika. Kafin sati ya zagayo benci ya bushe. Su Tela gwanayen sharhi, da suka san dalilin komai, gaisuwa ma sai daga tsallaken titi. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don bai taɓa zaton kaɗaici na iya kama mutum a bakin titi ba.

Da sun tambaye shi, da ya ba su tarihin Auta. Kyaftin ne a ƙwallo, ranar da aka sauke shi ya fasa ƙwallon. Ya shiga ƙungiyar direbobi, bai samu shugabanci ba, ya watsar. Ya bi wani ɗan siyasa yana riƙe masa makirfo, har ya fi mai gidan ihu. Sallar asuba kuwa sai Inna, mahaifiyarsu, ta yi da gaske. Amma Mai Lasifika bai ce ya gano bakin zaren ba. Masu son girma sun cika gari, yawancinsu ko kaza ba su yanka ba.

Matarsa ta kwashe yara ta tafi gidansu, wai sai ƙura ta lafa. Ya rage daga shi sai Inna, wadda idonta ya daɗe da mutuwa, jiki kuma ya ƙi. Ya gaya mata Auta ya tafi neman aiki can nesa. Wata safiya yana ba ta magani ta riƙe hannunsa.

"Babba, ni fa tafiya ta zo. Ka nemo min muryar yaron nan in ji, ko a waya ne."

Muryar Auta ɗaya ce ta rage a duniya, ita ce ta bidiyon. Ya rufe shago da rana tsaka, ya sa abin saurare a kunne, ya shiga yanka. Ya cire barazana, ya cire zagi. Ayoyin ma ya cire, don kowace an liƙa ta jikin barazana. "Ni zan yi, ni na ce," duk ya zubar. Yana neman kalma guda da uwa za ta ji ta yi barci, bai samu ba. Da ya gama, abin da ya rage gyaran murya ne, sai wani dogon numfashi.

Haka ya kai mata, kunya kamar ta kashe shi. Ya ɗora wayar kusa da kunnenta, ya ce layin ba shi da kyau.

Inna ta saurara. 

"Ka sha yanka, Babba," ta ce a hankali. "Ido ne babu, kunnena ƙalau. Maƙwabta sun kunna min shi ta katanga tun tuni."

Hawaye ya zubo masa.

"Wannan kaɗai ka samu mai tsabta?"

"Shi kaɗai, Inna."

Ta lalubo wayar, ta matse ta a kumatu da hannu biyu.

"To, sake sa min."