Ɗaya Bakin Igiyar

Shagona na gyaran waya yana kallon filin simintin da ke tsakanin benaye biyu, don haka duk abin da Gwaggo Mai Igiya ta yi a shekaru ukun nan, a kan idona ta yi shi. Ba gwaggona ba ce, ba ta kowa ba ce a layin, amma haka muke kiranta.

Shekara ashirin da takwas ta yi tana shara a makarantar firamare tare da yayarta. Idan aka kaɗa ƙararrawar fita wasa, sai su jingine tsintsiya, su ɗauko doguwar igiya, kowacce ta kama baki ɗaya, su yi ta kaɗawa yara suna tsalle. Ba wanda ya sa su, ba kuma wanda ya taɓa ce musu sannu. Wata biyu da barinsu aiki yayar ta rasu. Gwaggo ta tare a ɗaki guda a ƙasan bene, igiyar na naɗe a cikin bokiti. 'Ya'yanta biyu suna wani gari mai nisa, muryarsu kawai ke zuwa, ita ma muryar ba ta jin ta sai ta kawo min wayar na goge mata lasifika.

Irin wannan igiyar mutum biyu take so. Gwaggo ta ɗaure baki ɗaya a ƙarfen shanya, ta riƙe ɗayan. Kullum da yamma sai ka ji tas, tas, igiya na dukan siminti, ba kowa a ciki. Yara kuwa sun fi talatin a benayen, amma kowa na ɗaki ya kwanta a kan waya kamar kaza a kan ƙwai. Na sani, don ni ke canza musu gilashi idan ya fashe. Wani lokacin abin ya ba ni kunya, wani lokacin in ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Gwaggo ta bi ƙofa-ƙofa tana roƙon iyaye su turo mata yaran. Wata ta ce za su ji ciwo, wata ta ce suna da karatu, wata kuma ta ce 'yarta ta girmi tsalle-tsalle, yarinyar da hawa bene biyu ke sa ta haki. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya tsokane ta, wai ƙarfen shanyar ya kusa koyon tsalle. Ta ce ko ba komai ƙarfen yana tsayuwa, shi tela kuwa kujera ta fi matarsa saninsa.

Da kafaɗarta ta fara ciwo, likita ya ce ta daina. Na goyi bayan likita. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ƙarfe ba ya kaɗawa, riƙewa kawai yake yi. Yayata kuwa, idan na gaji a hannunta take ji, sai ta ɗauke min nauyin. So nake in sake jin hannun mutum a can kafin wannan kafaɗar ta ƙi."

Maganar ta tsaya min a rai. Ana nan wata yarinya 'yar shekara sha huɗu daga hawa na uku ta kawo wayarta da ta faɗa ruwa. Aikin yini ɗaya ne, amma na ce ta dawo bayan mako guda. Allah ya yafe min. Kullum sai ta sauko tambaya, ta tsaya tana hamma a bakin shago. Gwaggo ba ta kira ta ba, saurin igiyar kawai ta rage. A rana ta huɗu yarinyar ta faɗa ciki, ta yi tsalle uku ta harɗe, ta tashi tana dariya. Washegari ta zo da ƙannenta.

Daga nan, da gangan, gyaran wayar yara ya dinga yi min wuya. Kafin wata guda sun kai sha biyu a filin. Ranar da yarinyar ta kwance ƙullin daga jikin ƙarfe ta riƙe, na ga Gwaggo ta rufe ido tana kaɗawa. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na makonni ukun da suka biyo ba.

Amma yara sun ƙware, suna son sauri, kafaɗa kuwa ta tsufa. Wata yamma yarinyar ta miƙa wa ƙaninta nata bakin, ta zo ta rusuna da ladabi ta ce, "Gwaggo, kawo in karɓe ki, ki huta. Hannunki ba ya sauri."

Gwaggo ta ba ta. Ta ɗan jima a tsaye, hannun a ɗage, kafin ta tuna ta sauke shi.

Yanzu a bencin shagona take zama. Fili ya cika da hayaniya, igiyar ma a gidan su yarinyar take kwana. Yaran suna gaishe ta idan za su wuce, a guje. Jiya na ce mata ai buri ya cika, ta ce ya cika, tana kallon su, hannunta na dama yana juyi a kan gwiwarta daidai da bugun igiyar. Tausayinta ya kama ni.

Da ta tashi tafiya, sai ta tsaya wajen ƙarfen shanyar, ta dafa shi, na ji ta ce a hankali, "To, an sallame mu, ni da kai."