Gefen Shafin da Kawu Yake Bar Min

Ɗazu da jirgin ƙasa na safe ya yi kuka daga wajen tashar Idu, sai da kofi ya suɓuce min. Da can kuwa ba abin da nake so kamar wannan kukan.

Ina firamare jirgin ya fara wucewa. Kawu, ƙanin Umma, a gidanmu na Karmo yake zaune. Babba ne har da gemu, amma ba ya kallon idon mutum, in hayaniya ta yi yawa sai ya toshe kunnuwa. Maƙwabta suka ce iska ce. Kaka takan ce, "Ku ƙyale min ɗa, lafiyarsa lau." Daga baya wata nas ta ce mana sunan abin otizim.

Kaka ce ke sa ni in raka shi wani tudu da ake hango layin dogo. Da damina ciyawa har ƙuguna, ƙasa na ƙamshi, jirgin ya ɓullo ta bayan duwatsu a hankali kamar mai tafiya cikin barci. Kawu ya rubuta lambar kan jirgin, da yawan taragai, da lokaci. Gefen shafi kuma nawa ne, in zana fure. A can kaɗai nake jin dariyarsa.

Kaka ta rasu, na girma, na daina raka shi.

Jiya da la'asar wasu samari suka gan shi a tudun yana rubutu, suka ce masu satar mutane yake wa leƙen asiri. Kafin in iso sun kewaye shi da sanduna, shi kuwa ya durƙusa yana ta maimaita lambobi.

"Oga, don Allah, kawuna ne!" na ce wa babbansu.

"Kawunki me yake rubutawa?"

Ya zazzage jakar Kawu. Tsofaffin littattafai suka zube, furannina duk a waje. Wata tsohuwa mai gasa masara ta leƙo ta ce, "Kai, ku ji kunya! Tun wannan tana majina yake zuwa nan." Sai sandunan suka sauka.

Ina tattara littattafan na buɗe na bana. Kowane shafi, gefensa fari fes. Shekarun nan duk yana bar min wurina.

Yanzu mutane tsoron mai kallo suke, ni ma tsoronsu nake ji. Amma ga Kawu can yana sa takalmi, jirgin yamma ya kusa. Na ɗauki hijabina da biro.