Hannun Mma Sana

Ina makewayi, hannuna na kan wani ƙullutu da na ji a nonona na hagu, maƙwabciyata Fati ta buga ƙofa. "Sista Rabi, fito. Mma Sana ta rasu. Ta faɗi wajen alwala, ba ta tashi ba." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wurinta na yi niyyar zuwa a safiyar nan, in nuna mata abin da na ji.

Mma Sana ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu, Moshi Zongo, ni kuwa ɗalibarta ce, mai zuba mata ruwa. A wurinta na koyi cewa abin da mai wanka ta gani a jikin mamaciya, da shi za ta shiga kabari. Wannan amana ta yi mata nauyi. Sau da yawa nakan ga hannunta ya tsaya a kan ƙirjin wata baiwar Allah, inda ciwo ya ci, an lulluɓe shi da tsumma da maganin shafawa, ko miji bai sani ba. In mun fito sai ta daɗe tana wanke hannu, ta kasa cin abinci.

Tunda ba ta da ikon faɗin na matattu, sai ta koma kan masu rai. Ta je asibiti da kanta, wata nas ta koya mata yadda mace za ta duba nononta. Daga nan babu suna, babu biki, daga unguwar Zogbeli har ta Lamashegu, da ba za ta tare mata a bayan tukunya ba. "Hannuna ya san abin da bakina ba zai faɗi ba," in ji ta. "Ku taɓa kanku kafin ni in taɓa ku." Takan ce in jinin al'ada ya ɗauke, kowane wata, mace ta tsaya gaban madubi, ta ɗaga hannu, ta duba ko fata ta lotsa ko kan nono yana fid da ruwa, sannan ta bi da tafin yatsu a hankali har hammata. 'Yan mata su yi ta dariya, ta ce, "Kunya a kan miji ake yi, ba a kan likita ba." Wasu sun ƙi zama kusa da ita, wai tana kiran mutuwa. Ba ta taɓa yin fushi ba.

Ni na yi mata wanka. Ina yi, ina jin nawa ƙullutun a ƙarƙashin riga. Tun ranar, duk sanda na shiga makewayi sai in ji muryarta a bayana, kamar tana jiran in miƙo ruwa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Amma na tuna tana cewa ba kowane ƙullutu ne sankara ba, kuma wanda aka kama da wuri yana jin magani. Bayan addu'ar bakwai na hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, na tafi asibiti. Sun ɗebi abin da za su gwada, ina jiran sakamako.

Allah ya jiƙan Mma Sana, ya haskaka kabarinta, ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa wa matan unguwar nan. Allah ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri. Ni kuma, duk wadda za ta wanke ni wata rana, Allah ya sa kada hannunta ya tsaya a kan abin da na ɓoye.