Hukuma ce ta sauko da Baba

Jiya da la'asar na leƙa baƙala, wato kantin unguwa, sayen madara, sai ga Babanmu a kan keken guragunsa, bakinsa duk basbusa, kek ɗin nan mai shegen zaƙi. Mutumin da likita ya hana zaƙi saboda ciwon sukari!

A tsohon gidanmu na Sa'alaba, matakala ce ke yi mana gadinsa. Sai mun ɗauke shi cak yake ganin titi. Sabon gidan nan kuwa da tallafin hukuma aka gina shi, kuma sharaɗi ne a yi gangaren keke da faffaɗar ƙofa. Mu muna ta murna, ashe tsoho lissafinsa daban.

Na ce, "Baba, wa ya sauko da kai?"

Ya lashe yatsa ya ce, "Hukuma."

"To likita fa?"

"Halas, shi ke nan, ya binti, ki kai ƙarar injiniya. Yalla, matsa, kin tare mini hanya."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna rabon da ya fita shi kaɗai tun kafin Mama ta rasu.

Jama'a, ku ba ni shawara: gangaren zan toshe, ko mai baƙalar zan ja wa kunne?