Allin Malama Magdalin

Shekara talatin da biyar Malama Magdalin ta yi tana koyar da Turanci a wata firamare a Dabai. Ni ma na sha jan bironta. Da ta yi ritaya, kowa ya ce yanzu za ta huta, amma matar nan ba ta san zama ba.

Kullum da safe takan ɗaura ɗankwali ta shiga Zuru a ƙafa, tana karanta allunan shaguna. In ta ga an rubuta kalmar Turanci ta karɓar aro a inda ake nufin ba da aro, ƙafarta ba ta iya wucewa. Sai ta ciro alli ta gyara, mai shago na tsaye yana kallo. Ko a coci ba ta natsuwa, takardar sanarwa take bi da biro har a tashi.

Bara ta je wurin Jafet, tsohon ɗalibinta mai rubuta alluna, riƙe da 'yar takarda. Rubutun kabarinta ne, ta ce ya zana mata shi a kan siminti tun yanzu.

"Haba Mama, lafiyarki ƙalau fa," in ji Jafet.

"Na sani. Kai ka rubuta na kabarin mijina. Shekara shida ke nan ina gyara kuskurenka da alli, ruwan sama yana wankewa."

Ta jawo benci ta zauna a gabansa. Ba ta motsa ba sai da ya zana harafin ƙarshe.