Faifai na Huɗu na Habu Mai Majigi

Da ƙarfe goma da kwata na safe, ranar wata Laraba, Allah ya karɓi ran ƙanena Habu a ɗakinsa da ke Kankia. Mu uku ne a wurin: ni, da matarsa Rabi, da Ardo Buba, wanda ya zo dubiya daga rugarsu ta bayan Bauranya da ƙwaryar kindirmo. Na san lokacin ne don na duba agogo, kamar yadda na saba. A wannan makon aka cika shekara bakwai. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan.

Ba zan cika ku da kuka ba, don Habu mutum ne mai raha. Ya taɓa ce mini, "Yaya, kai ko gaisuwar mutuwa ka je sai ka jera ta ɗaya, biyu, uku." To, zan jera. Zan faɗi ko shi wane ne, in faɗi kuskuren da na yi masa, in faɗi abin da ya gani a birni, sannan in roƙe ku abu guda.

Ni tela ne. Karatuna na allo ne da firamare. Habu ya ɗan fi ni boko, ya fara da gyaran rediyo da talabijin, daga baya ya sayi majigi irin na zamani, wanda ake haɗawa da faifai ko kwamfuta. Yakan ɗaura shi a bayan babur tare da ƙaramin janareto ya bi garuruwa: yau Kusada, jibi Kafinsoli, wani makon Bauranya. Da ya gaji da haska fina-finan wasu, sai ya ari kyamara ya shirya nasa. Labarin wata saniya ce da ta ɓace ranar kasuwa. Makiyayi yana zargin manomi, manomi yana zargin mahauci, ana ta shari'a a ƙofar gidan mai unguwa, ashe saniyar tana bayan gidan mai unguwar tana cinye masa harawa. Ba a ɗauko ɗan wasa ko ɗaya daga birni ba. Ardo Buba ne makiyayin, matarsa Dudu ce mai tallan nono, mahaucin ma mahaucin gaske ne.

Ga kuskurena. Ana saura mako guda a fara haska fim ɗin, Habu ya ce in ɗinka masa babban farin ƙyalle da hoton zai riƙa faɗawa a kai. Fari kawai ya ce, bai ƙara komai ba. Ni kuwa na ce a raina, fim ɗin ƙanena na farko ba zai hau kan yadin banza ba. Na zaɓo farar shadda mai furanni, na haɗa ta da ɗinki layi biyu, na kai wa masu bugu suka buge ta har tana ɗaukar ido. Na ɓoye ta ban nuna masa ba sai da muka isa Kusada, don ina so ya yi mamaki.

Ya kuwa yi. Ana idar da sallar isha'i jama'a suka cika tabarmi, aka tayar da janareto, aka kunna. Shadda ta mayar da haske kamar madubi, tsakiyar ƙyallen ya yi fari fat, furannin saƙar kuma suka fito a jikin kowa. Saniya ta fito da fure a tozo. Mahauci ya fito da fure a goshi. Wata tsohuwa a gaba ta ɗaga murya ta ce, "Wa ya yi wa saniyar nan lalle? Halan aure za a yi mata?" Dudu ta miƙe daga cikin mata ta ce, "Habu, ni fa ban yi wannan kwalliyar ba!" Aka yi dariya har wani ya faɗo daga kan benci. Habu ya kashe na'ura, ya ba jama'a haƙuri, ya ce su dawo mako mai zuwa. A hanyar gida bai yi mini faɗa ba, don ni ne babba. Sai da muka kusa Kankia ya waiwayo ya ce, "Yaya, allo na ce ka ɗinka, ba babbar rigar Sallah ba."

Washegari na sayo farin alawayyo marar sheƙi. Ya tsaya a kaina har na gama, yana cewa kada haɗin ɗinki ya ratsa tsakiya, inda fuskoki ke faɗawa. Daga ranar ya kafa wata doka da bai taɓa karyawa ba. Akwai wani wuri a fim ɗin da Ardo ya tsaya cikin rana da malfa a kai, fuskarsa cikin inuwar malfar, da tsaga uku a kumatunsa. Kafin a fara haskawa, Habu yakan tsayar da hoton a nan, ya taka har tabarmar ƙarshe, ya tsuguna ya ƙirga. In tsaga uku sun fito, a fara. In ba su fito ba, sai ya goge idon na'ura, ya matso da ita gaba, ya je ya roƙi mai shayi ya kare fitilarsa da kwali. Wata rana a Kafinsoli farin wata ya hana tsagar fitowa, ya naɗe kayansa ya ce sai wata ya yi duhu. An zage shi, bai damu ba. Cewa yake, mutum ya tako ƙasa ne don ya ga fuskar maƙwabcinsa, ba inuwarsa ba.

Sai maganar birni. Sau uku ya kai fim ɗin wani gidan sinima, ba zan kama suna ba. A zuwan farko suka ce na'urarsu ba ta karanta irin zubin da ya yi, ya dawo ya nemi mai sauya masa. A na biyu suka tambaye shi wa ya fito a ciki. Ya ce Ardo Buba. Suka ce wane ne haka? Ya ce duk wanda ya taɓa sayen shanu a Kusada ya san shi. Suka ce su fuskar da aka sani a allo suke nufi, don ita ke cika kujeru. A na uku suka tausaya masa, suka ba shi safiyar Talata, lokacin da kowa ke wurin aiki. Ya tafi da Ardo. Su biyu ne a zauren, sai mai shara. Na ɗauka zai dawo da ɓacin rai, sai ga shi yana washe baki. "Yaya," in ji shi, "daga kujerar ƙarshe na ƙirga, har na ga ta huɗu da ban san da ita ba!" Ardo ya ce, "Wannan ba tsaga ba ce, ɗan birni, tabon ƙahon bijimi ne."

Da ƙofar sinima ta rufe, sai wata ta buɗe ba da izininsa ba. Masu tura fina-finai a waya suka samu fim ɗin, suka matse shi don ya shiga ƙaramar waya. Cikin ɗan lokaci ya kai garuruwan da babur ɗin Habu bai taɓa zuwa ba. Ya ji daɗi, ya kuma ji haushi. Murya tana nan, labari yana nan, amma fuskoki sun dagule. Ya kalla sau ɗaya ya miƙa wa mai wayar abarsa, ya ce, "Sun mayar da Ardo tabon mai."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na tabbata zai yi murna da ganin matasan Kankia suna ɗaukar fim da wayar da ta fi kyamarar da ya ara. Zai kuma yi faɗa. An cika kasuwa da ƙananan majigi da ba su fi burodi girma ba, hoton jikin kwalinsu tar, amma in an kunna sai ka ce ana leƙa rijiya. Kwanaki na shiga wani gidan kallo, ƙafata ta kai ni bencin ƙarshe ba tare da na yi niyya ba. Riguna na gani suna yawo, babu fuska. Na kira mai gidan na ce ya goge idon na'urarsa ya toshe tagar yamma. Ya yi, don ya ga furfura. Hanyar sinima kuwa tana nan yadda Habu ya bar ta. Wasu masu shirya fim su biyu sun zo in ɗinka musu allo, suka ce su ma tambayar da aka fara yi musu a birni ita ce wa ya fito a ciki. Na ɗinka musu alawayyo, ban ce komai game da shadda ba. Rabi ce ta ba su labarin.

Yanzu ga dalilin wannan rubutu. Dudu ta rasu damina biyu da suka wuce. Ardo ya tsufa, yanar ido ta rufe masa na dama, tana bin na hagu. A watan jiya ya zo shagona ya ce yana so ya kalli fim ɗin. Bayan la'asar muka rufe tagogi, Rabi ta kawo na'urar mijinta, na rataya alawayyon nan, muka haɗa da fim ɗin na waya, don shi ne ya rage mana. Akwai wurin da Dudu take sauke ƙwarya daga kanta, ta dubi mahauci ta yi dariya, wushiryarta a fili. Da aka zo wurin, Ardo ya tashi ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa ƙyallen.

Ya ce, "Muryar tata ce. Ina fuskar, Tela?"

Na ce, "Masu waya sun cinye ta, Ardo."

Ya ce, "Ba ni da hotonta ko guda. Ba ta yarda a ɗauke ta. Habu kaɗai ya iya da ita." Sannan ya ce, "In shaddar nan za ta fito da ita, ka rataya. Na yarda da furannin."

Laifin ba na ƙyalle ba ne a wannan karon. Kwamfutar Habu ta mutu shekara guda bayansa, da asalin fim ɗin a cikinta. Amma kafin nan ya zuba shi garau a faifai huɗu, ni kuma na yayyanka shaddar nan na ɗinka wa kowanne jaka, don kada ta tafi a banza. Na ɗaya ya zauna a gidan sinima. Na je da kaina, an sauya ma'aikata, ba wanda ya san inda yake. Na biyu na Rabi ne, yaran gida suka ɗaura shi a bayan keke don ƙyalli. Na uku nawa ne, na kalle shi har ya kakkarce, kuma yana tsayawa ne daidai kafin Dudu ta sauke ƙwarya. Na huɗu, Habu ya ara wa wani dogon mutum da ya zo a babur daga wajen Kusada, za su haska a bikin suna. Wata biyu bayan haka Habu ya kwanta ciwo. Bai rubuta sunan mutumin ba. Habu ba ya rubuta komai, na yi faɗa har na gaji.

Bai bar gida a birni ba, sunansa bai hau bangon wata sinima ba. Abin da ya bari na'ura ce, da alawayyo, da ɗabi'ar tafiya tabarmar ƙarshe don a ga abin da na baya ke gani. Ni da na girme shi, a wurinsa na koye ta. Ya kuma bar dariyar wata mata a cikin faifai guda, wanda nake kyautata zaton yana ƙasan akwatin wani.

Saboda haka, mutanen Kusada da Bauranya da Kafinsoli, ku yi mini abu guda. Ku buɗe akwatunanku da saman kwabobinku. Ku nemi 'yar jaka ta farar shadda mai furanni, ɗinki layi biyu da jan zare. In kun gan ta, kada ku goge faifan da gefen riga, kada ku bar shi a rana. Ku kawo shi layin teloli a kasuwar Kankia, ku tambayi yayan Habu mai majigi. Ba zan tambayi dalilin da ya sa ya kwana shekara bakwai a wurinku ba. Ku dai kawo shi tun idon Ardo na hagu yana gani.