Saƙon Malam Sahabi Da Ya Kwana Uku A Hanya

Har gobe ban manta da Larabar da Malam Sahabi ya faɗo ofishinmu na Bodinga ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in kwamfuta, aikina gyaran injin buga takardu da buɗe wa ma'aikata imel. Shi kuwa hedimasta ne a wata firamare a Dandin Mahe, dattijon da ko faɗa zai yi sai ya gama gaisuwa tukuna.

Sunayen 'yan aji shida ya tura ta imel zuwa ofishin jarrabawa a Sakkwato ranar Lahadi. Ranar Talata aka rufe rajista, kuma Hajiyar da ke karɓar sunayen ta ce masa ba ta ga komai ba. Idan maganar ta tsaya haka, yaran nan sun rasa jarrabawar shiga sakandare ke nan, sai baɗi.

Da na karɓi wayarsa sai na ga saƙon nan sau biyar. Ya ce ai da ya ji bai isa ba, ya ɗauka nisa ne ya yi masa yawa. Sai ya hau babur ya sake turawa daga Shagari, ya ƙara sau biyu a hanya, ya ƙara a bakin tashar Bodinga.

"Ɗana, nan ma in bai kai ba, Sakkwato za ni, in tsaya bakin ƙofatta in tura," in ji shi.

Na danne dariya da ƙyar, don idonsa ya yi ja. Na yi masa bayani cewa imel ba ya bin titi. Daga waya yana zuwa wata babbar kwamfuta da ake kira sabar, ta kamfanin da ya buɗe masa akwatin imel, wataƙila ma a wata ƙasa take. Ita za ta duba abin da ke bayan alamar nan mai kama da dodon koɗi a adireshin, ta gano sabar mai karɓa, ta miƙa mata. Idan waccan ta ce a dakata, sai ta riƙe saƙon tana sake gwadawa har 'yan kwanaki, kamar direban da ya tarar da gida a kulle.

Can ƙasa na gano sanarwar da sabar ta aiko masa da Turanci, bai buɗe ba: akwatin Hajiya ne ya cika. Na kira ta da ladabi na roƙe ta ta goge tsofaffin saƙonni. Ta goge, amma ta ce ko ya shigo yanzu lokaci ya wuce. 

Muka yi azahar, muka zauna jira. Kafin la'asar ta kira tana dariya, wai duka biyar sun shigo a jere. Nan na nuna mata yadda za ta buɗe kan saƙon na farko, inda kowace sabar da ya ratsa ta buga masa rana da lokaci. Ta karanto da bakinta: Lahadi, goma da kwata na safe. Ta ce tunda haka ne, ta sa su a rajista.

Malam ya cire hula ya share gumi. "To wagga na'ura ta san amana," ya ce, ya shiga yi mini addu'a har da kakannina. Ni ma daɗi ya kama ni, ina ta amsawa da amin.

Ku da kuka zo aiki bayanmu, wanda ya shigo yana cewa saƙonsa ya ɓata, kada ku fara da yi masa dariya. Ku tambaye shi me ke ciki. Duka 'yan ajin nan sun zauna jarrabawa a shekarar.